Radiyo Mai Tada Mai Barci

Ranar Lahadi 27 ga watan Maris na shekarar 1994, da hantsi, mutane fiye da 100 suka taru cikin wata majami'a da ake kira Goshen, a jahar Alabama ta ƙasar Amurka. Ma'aikatan duban yanayi na ƙasar sun riga sun hango wata mahaukaciyar guguwa ta doso wajen, har sun fitar da gargaɗi kamar minti 12 kafin ta iso. Irin wannan guguwa ta sha bamban da wadda ke wasa da kara da tsummoki a filin kasuwa da rani. Tana saukowa ne daga gajimare kamar hancin giwa, tana tumɓuke itatuwa, tana ɗaukar mota ta jefar. Minti 12 kuwa ya ishi uwa ta saɓi ɗanta ta nemi mafaka. Amma cikin majami'ar ba wanda ya ji gargaɗin, domin babu abin da zai kawo musu shi. Ginin ya rufta a kansu, mutum 20 suka rasu, har da yara ƙanana.

Bayan wannan masifa mataimakin shugaban ƙasar na lokacin, Al Gore, ya ziyarci wurin, gwamnati kuma ta ɗauki alkawarin ƙara tashoshin gargaɗi har muryarsu ta kai ga kashi 95 cikin 100 na jama'ar ƙasa. Daga nan ne wani ɗan akwatin radiyo, wanda a da sai masu jiragen ruwa da manoma suka damu da shi, ya shiga makarantu da gidaje. Shi ne yau ake ƙerawa da hannun juyawa da faranti mai shan rana da tocila, a rubuta masa a kwali cewa radiyon ceton rai ne. Yawancinsu a ƙasar Sin ake ƙera su, abin da aka ƙera a Sin kuwa ba ya wuyar isowa kasuwar Maraɗi ko ta Yamai. Saboda haka ya dace mai saye ya san abin da zai samu a madadin kuɗinsa, tun ba ma ma'aikacin da za a ɗora wa sayen ɗaruruwa domin rarraba wa garuruwa ba.

Yadda abin yake a ƙasarsa

Hukumar da ke kula da al'amuran teku da sararin samaniya a Amurka, wadda ake taƙaita sunanta NOAA, tana da tashoshin radiyo fiye da 1000 waɗanda ba su da wani aiki sai faɗin halin yanayi, dare da rana, ba kiɗa, ba talla. An keɓe musu layuka bakwai, daga MHz 162.400 zuwa MHz 162.550, watau can sama da inda zangon FM ya ƙare a 108, shi ya sa akwatin radiyo na yau da kullum ba ya kama su. Kowace tasha muryarta takan kai kimanin kilomita 60, in dutse ko tudu bai tare ba. Tsarin ya samu gindin zama ne bayan bala'in ranakun 3 da 4 ga Afrilu na 1974, sa'ad da guguwa 148 suka afka wa jahohi 13 suka kashe mutum fiye da 300. A watan Janairu na 1975 fadar shugaban ƙasa ta ayyana waɗannan tashoshi a matsayin hanyar gwamnati ta kai gargaɗi kai tsaye cikin gidajen mutane.

Hikimar abin tana cikin shirunsa. Mai gida yakan kunna akwatin ya bar shi, akwatin ya yi tsit kamar a kashe yake, alhali kuwa yana saurare. In hatsari ya taso, tashar takan aiko da wata ƙara ta musamman, mai kaɗawa sau 1050 cikin daƙiƙa guda. Da akwatin ya ji ta sai ya buɗe bakinsa da kansa ya yi kururuwa, ko da ƙarfe 3 na dare ne. Sababbin samfura kuma an ƙara musu wata dabara mai suna SAME: kowace gunduma tana da lambarta mai alƙaluma shida, mai gida ya shigar da ta gundumarsa, akwatin ba zai tashe shi ba sai in hatsarin ya shafe shi. Wannan ya zama dole, domin an lura cewa mutumin da aka tasa sau uku a banza, a na huɗu kashe akwatin yake yi. Kowace Laraba kafin azahar, in sama ta yi sarari, tashoshin sukan aiko da ƙarar gwaji domin kowa ya tabbata nasa yana aiki.

Ke nan abu biyu ne suka haɗu: akwati a hannun mutum, da tasha wadda ba ta barci. Ɗan kasuwa na farkon kaɗai yake iya sayarwa.

Maɓallin da ba ya magana

Buƙatar gargaɗi a Nijar ba abin gardama ba ce. Daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300, ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi kuma ita ta fi jin jiki. A ƙarshen watan Agusta ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi. Ƴan kwanaki bayan haka tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Har buɗe makarantu sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, waɗansu kuma waɗanda ruwa ya kora suna kwana a ciki. Duk wanda ya ga wannan damina, in aka nuna masa akwatin da aka ce yana faɗin hadari, zai laluba aljihunsa.

To, ga magana ta farko, kuma ita ce mafi nauyi. Maɓallin da aka rubuta wa WX ko WB ko NOAA a jikin akwatin ba zai ce kome ba a Nijar. Babu tashar da ke watsa labarin yanayi a kan waɗancan layuka bakwai a nan, babu kuma mai aiko da ƙarar da ke tada akwatin. Mutum ya danna maɓallin a Tawa ko a Doso, abin da zai ji shi ne shuuu, har batir ya ƙare. Akwatin lafiyarsa ƙalau. Wanda zai yi masa magana ne babu. Ba shi da ido na ganin gajimare, ba ya auna iska, ba ya jin ƙanshin ruwa. Mai sayarwa da ya ce zai yi ƙara in hadari ya taso, ko dai bai karanta takardar da ke cikin kwalin ba, ko ya karanta ya yi shiru. Kuɗin da aka ƙara saboda wannan maɓalli, da na SAME in akwai, asara ce tsantsa ga wanda a Nijar yake zaune.

Wannan bai sa akwatin ya zama abin yarwa ba. In an cire sunan da aka laƙaba masa, abin da ya saura radiyo ne wanda ba ya jiran kuran kuma ba ya jiran mai kanti, ga fitila a jikinsa. A kan haka ya kamata a auna shi, a kan haka kuma a yi ciniki.

Sai a fara da abin da yake kamawa. Zangon FM shi ne na tashoshin jaha da na radiyon karkara, su ne kuwa za su ambaci sunan gulbi ko na unguwa. Akwai wani tarko a nan wanda mutane kaɗan suka sani. A nahiyar Amurka tashoshin matsakaicin zango suna jere ne da tazarar kHz 10 tsakaninsu, a Afirka da Turai kuwa tazarar 9 ce. Haka a FM, tashoshin Amurka duka suna ƙarewa da lamba mara, kamar 88.1 da 88.3, alhali a nan tasha tana iya zama a 88.2. Akwati mai allura, wanda ake murzawa da yatsa, ba ruwansa da wannan, duk inda aka tsayar da shi nan zai tsaya. Amma mai nuna lambobi a gilashi, in domin kasuwar Amurka kaɗai aka yi shi, yana iya tsallake tashar garin mutum, ko ya kamo ta a shaƙe. Waɗansu ana iya sauya musu tazarar, waɗansu ba a iyawa. Maganin abin mai sauƙi ne: kada a biya kuɗi sai an kamo tashar gida a gaban mai sayarwa, an ji ta sarai.

Gajeren zango kuma ba kowane ke da shi ba. Samfurin Midland ER310, wanda ya yi suna ƙwarai a Amurka, FM da matsakaicin zango da layukan NOAA kaɗai yake kamawa. Kaito KA500 yana da gajeren zango. Ga makiyayin da ya yi nisa cikin Azawak ko arewacin Tanut, inda FM ba ta kaiwa, wannan bambanci babba ne. Sai dai manyan tashoshin duniya da yawa sun rage shirye-shiryensu a gajeren zango, kuma tashar da ke wata nahiya ba za ta san an yi ruwa a bayan tudun Dakwaro ba. Matsakaicin zango ma yana da wani amfani wanda ba a rubuta a kwali ba. Tsofaffin masu sauraro sun san in akwati ya fara ƙarat-ƙarat da maraicen damina, walƙiya ce ke shiga cikinsa daga nesa, tun ido bai gan ta ba. Wannan ne kaɗai duban hadarin da akwatin ke iya yi da kansa, kuma tsohon radiyon kaka ma yana yi.

Hannu, rana da batir

Radiyo mai hannu domin Afirka aka fara yin sa, ba domin guguwar Amurka ba. A shekarar 1991 wani Bature ɗan Ingila mai suna Trevor Baylis ya kalli wani shiri a talabijin kan yaɗuwar cutar sida, ya ji ana cewa radiyo ne hanyar wayar da kan jama'a, amma tsadar batir ta hana mutanen karkara saurare. Ya shiga ɗakin aikinsa ya haɗa tsohon radiyo da ƙarfe mai naɗewa irin na agogon bango. Na farkon da ya yi ya yi magana minti 14. Kamfanoni suka yi ta juya masa baya, sai bayan da talabijin ta BBC ta nuna abin a 1994 aka samu masu zuba kuɗi, aka kafa masana'anta a birnin Kef na Afirka ta Kudu, aka fara fitar da akwatunan Freeplay. Waɗannan na fari manya ne, masu nauyi, babu batir cikinsu ko kaɗan: a naɗe ƙarfen, shi kuma yana warwarewa a hankali yana juya ɗan injin da ke ba da wuta, har kamar rabin awa.

Na yanzu ba haka suke ba, kuma ya kamata a gane bambancin. Hannun da ke jikinsu, mai kama da na keken ɗinki, yana juya ɗan inji ne wanda ke ɗura wuta cikin batir, radiyon kuma daga batir yake sha. Watau in batirin ya mutu murus, a akwatuna da yawa hannun ma ya zama ado. Batir kuwa mai mutuwa ne, ko ana aiki da shi ko an ajiye shi. Domin haka tambayar da ta fi kowace amfani a bakin kanti ita ce: ana iya buɗe shi a canza batirin? Waɗansu suna ɗauke da batir mai lamba 18650, dogo kamar yatsa, irin wanda ke cikin tocilan caji da yawa, mai gyaran salula ma zai iya samo shi. Waɗansu an liƙe nasu ciki da dalma an rufe, ranar da ya gaji akwatin ya gama aiki. Wanda kuma ke da gurbin ƙananan batura na kanti, waɗanda ake kira pil, ya fi wanda ba shi da shi, ko da mutum bai yi niyyar saye ba. Ranar ƙunci ana iya zare na tocila a sa.

Game da abin da hannun ke bayarwa, lissafi ya fi talla gaskiya. Ɗan injin da ke cikin irin waɗannan akwatuna, in an juya shi da ƙarfi, a galibi ba ya wuce wat 1 ko 2. Radiyo ba mai ci ba ne, shi ya sa juyin minti guda kan ba da sauraro na ƴan mintoci, wani lokaci har goma in ba a ƙure murya ba. Wannan ya wadatar a ji sanarwa. Amma kwalin yakan ƙara da cewa ana cajin salula da shi, a nan ne kuwa mutane ke ruɗuwa. Batirin salula mai mAh 4000 yana ɗaukar abin da ya kai wat 15 na awa guda. A raba 15 da 2, an samu awa bakwai da rabi na juyi ba tsayawa, ba a ma sa abin da ke ɓacewa a hanya ba. Mai daka ma tana hutawa kafin nan. Abin da hannun zai iya shi ne ya farfaɗo da matacciyar salula har a yi kira ɗaya gajere, a ranar ambaliya kuwa kira ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Batirin akwatin kansa, wanda a Midland ER310 mAh 2600 ne, bai kai na salular ba, balle ya cika ta. In kuma aka juye mata shi duka, an bar gida ba radiyo ba fitila. A gidan da samari suke, wannan shi ne abin da zai faru tun makon farko in mai gida bai sa ido ba.

Farantin rana da ke bayan akwatin, wanda sau da yawa bai fi kwalin ashana biyu ba, ɗigo yake yi kamar tulu mai tsatsa. Yana hana batir ƙarewa, amma cika shi daga empty ɗin da ba kome sai an yi kwanaki. Ga kuma wata matsala wadda maƙeran ba su yi tunaninta domin Sahel ba. Batirin litiyom ba a son a yi cajinsa cikin zafin da ya wuce digiri 45, alhali a watan Afrilu da Mayu inuwa ma takan kusa haka, baƙar roba kuwa da aka shanya a rana ta fi haka nesa. Mai shanya akwatinsa a kan katanga tun hantsi har la'asar yana ɗura masa wuta kaɗan, yana rage masa kwana da yawa. Gara a ba shi ranar safe, a ɗauke kafin ta take. Mafi kyau shi ne samfurin da farantinsa ke rabe da igiya, faranti a rana, akwati a inuwa. Akwatin Lifeline, wanda gidauniyar Freeplay ta fitar a 2003 domin ƙungiyoyin sauraro na karkara, haka aka yi shi.

Lambobin da ake bugawa a kwali, mAh 5000 ko 10000, ba abin dogara ba ne a kan kayan da ba a san maƙerinsu ba, araha kuwa ba ta ado. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuma ba ya buƙatar injiniya, agogo da littafi sun isa. A cika batir, a kunna radiyon da matsakaiciyar murya, a rubuta awa nawa ya yi kafin ya mutu. Sa'an nan a juya hannun minti ɗaya cif, a ƙirga mintin da ya yi magana. A cika shi kuma a ajiye wata guda ba a taɓa ba, a dawo a ga abin da ya rage, domin akwai masu zubar da wutarsu suna kashe. Ma'aikatar da za ta sayi da yawa ta fara sayen biyu ko uku ta ba su wannan wahala, ta kuma ba yara su juya hannun yini guda. Haƙoran da ke cikinsa na roba ne, nan ne yawanci ake fara karyewa.

Sauran abin dubawa kaɗan ne. In an ga harufan IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 yana jure yayyafi da fantsama. IPX7 yana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Harafin X yana nufin ba a gwada shi da ƙura ba sam, ƙasar da ke da hunturu da buji kuwa sai ta kula da wannan, ko da jakar tsumma ce a ɗinka masa. A duba eriya, ita ce ta biyu wajen saurin karyewa. A kuma gwada ƙarfin muryarsa a ɗakin kwano lokacin da ake ruwa, domin akwatin da ake ji daɗinsa a kanti yana iya zama bebe in ruwa ya fara dukan rufi. Jiniya da jar fitila mai ƙyaftawa da ake ƙara wa waɗansu ba su da laifi, amma ba a kansu za a ƙara jaka ko ɗaya ba.

Wa ke magana a can?

Abin mamaki, hukumar NOAA ɗin nan da sunanta ke kan maɓallin da ba ya magana ta taɓa sa hannu a wani aiki a Nijar wanda ya bi ta hanyar da ta dace. Yamai mazaunin manyan cibiyoyi biyu ne na ilimin yanayi: AGRHYMET, wadda ƙasashen ƙungiyar CILSS suka kafa a 1974 bayan babban fari, da ACMAD, mai yi wa nahiyar Afirka duka aiki. A ƙarshen shekarun 1990 ACMAD, da taimakon NOAA da waɗansu, ta ƙaddamar da shirin RANET. A 1999 aka buɗe radiyon karkara a Bankilare, cikin yankin Tera, ƙaramar tashar FM mai aiki da hasken rana. Labarin yanayi yana saukowa ta tauraron ɗan Adam na kamfanin WorldSpace, masu gabatarwa ƴan garin su juya shi cikin harsunan mutanen wurin, masu sauraro kuma, musamman ƙungiyoyin mata, a ba su akwatuna masu hannu. Kamfanin tauraron ya karye a 2008, wannan hanya ta toshe. Amma radiyon karkara ya yaɗu, yau tashoshinsa sun haura 100 a faɗin ƙasa. Waɗanda suka tsara aikin sun fara ne da mai magana, sa'an nan suka nemo abin saurare.

Lokacin yin gargaɗi kuwa akwai shi, sai dai ba ɗaya ba ne ga kowane irin ruwa. Kogin Isa yana ba da kwanaki. A Yamai ana auna shi kullum, an kuma san matakansa: santimita 530 a fara hattara, 580 a shirya, 620 hatsari ya tabbata. A watan Satumba na 2020 ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba, ya fasa madatsai ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga. Irin wannan ana ganin zuwansa tun daga ruwan da Sirba ke kawowa. Gulbi da ƙorama kuwa awoyi suke bayarwa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba. Haka Telwa ta yi wa Agadas cikin dare a farkon Satumba na 2009, da ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin. Manyan hadura na damina kuma, kamar yadda kowane manomi ya sani, daga gabas suke tasowa, suna tafiya yamma da saurin da ya kai kilomita 50 ko 60 a awa. Tsakanin Damagaram da Maraɗi kimanin kilomita 240 ne. Hadarin da ya wuce Damagaram da la'asar, in bai watse a hanya ba, yana iya isa Maraɗi bayan isha, ma'aikatan meteyo kuma suna kallon tafiyarsa a hotunan tauraro. Awa huɗu ta isa a fitar da tsofaffi da yara daga ɗakin ƙasar da ya riga ya jiƙa, a kwance dabbobi daga kwari, a hana mai amalanke ƙetare gulbi.

Inda igiyar ke tsinkewa shi ne tsakanin ofishin meteyo da kunnen mai barci. Ruwa mai kisa yakan zo da dare, ƙananan tashoshi da yawa kuwa awoyi kaɗan suke aiki, sun rufe kafin nan. In kuran ya ɗauke, abin da ya saba yi da iskar farko, wadda ba ta da batir ko inji ta yi shiru daidai lokacin da ake buƙatarta. Sanarwar ma in ta fito da Faransanci, da milimita da sunayen jahohi, ba ta gaya wa mai ɗakin ƙasa abin da zai yi ba. Gargaɗin da ke aiki shi ne mai faɗin wuri da sunan da mutane suka san shi, da lokaci, da inda za a nufa. Salula tana taimakawa ƙwarai, amma saƙon rubutu sai wanda ya iya karatu, kuma eriyar kamfani ita ma wuta take ci. A shekarar 2022 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira da a kai gargaɗin gaggawa ga kowane mutum a duniya kafin ƙarshen 2027. Ga garin da ke bakin gulbi, ma'anar wannan kira ita ce a samu wanda zai buɗe tasha da tsakar dare.

Tun da akwatin ba zai farka da kansa ba a nan, sai mutum ya farka a madadinsa. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ta kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo tun 1962, inda jama'a ke taruwa gindin akwati ɗaya da mai jagora, su saurara su tattauna. Akwati mai hannu guda ɗaya, a hannun wanda aka ɗora wa sauraro a daren da sama ta haɗe, wanda kuma ya san ƙofar mai shela da ta ladanin da ke riƙe da lasifikar masallaci, ya fi hamsin da aka raba a bikin da aka ɗauki hoto. A lura kuma da hannun da za a danƙa wa. Radiyon gida bisa al'ada yana bin mai gida kasuwa da majalisa, mata da yara kuwa, waɗanda ɗaki ke faɗa wa, su ne ke gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin Laraba na Amurkawa abu ne da kowace gunduma za ta iya kwaikwaya ba tare da ta sayi kome ba. Cikin watan Mayu, kafin ruwan shuka, a zaɓi dare ɗaya a sanar da jama'a tun da wuri, mai gunduma ya aika da saƙon gwaji, tasha ta buɗe ta karanta shi da harshen wurin, a duba agogo a ga minti nawa ya ɗauka kafin mai shela ya ɗaga murya a kowane gari. Garin da bai ji ba a rubuta sunansa, a tafi can washegari a ga dalili: ko batir ne ya mutu, ko tudu ne ya tare muryar tashar, ko kuwa akwatin yana kulle cikin adaka a ɗakin mai gari, da ledarsa ba a ko ɓare ba.